Ciwon Ƙanwata Da Na Kira Sanyi

A shekarun da zan ba ku labarinsu, in ka shigo unguwar Jambutu ka tambayi matar da ke wankan jego, gidana za a nuna maka. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, da 'ya'ya shida, maigidana kuma yana sayar da hatsi a kasuwar Jimeta. Kakannin ubanmu fatake ne da suka gangaro daga arewa suka yi zamansu a nan, uwarmu kuwa 'yar cikin Yola ce, daga unguwar Adarawo, kuma a hannun yayarta na koyi wannan aiki. Ni ba unguwarzoma ba ce, ba na karɓar haihuwa, nawa aikin yana farawa ne bayan an yanke cibi. Ga ni da baki. Mai jegon da ta yi mini raki in na watsa mata ruwa sai in yi mata tas, in bi ta da tsiya har ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. A unguwar kowa Adda yake kirana, wato babbar yaya da Fulatanci, har waɗanda suka girme ni, kuma abin yana mini daɗi. Ina bugun ƙirji cewa duk macen da ta bi ta hannuna sanyi ba zai kama ta ba, don a ganina na lokacin ciwon mace iri biyu ne kawai, ko sanyi ko son jiki. Na rubuto muku ne, Edita, saboda abin da wannan bugun ƙirji ya jawo mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda suka san ni za su gane ni, kuma na daina damuwa da hakan.

Ina da ƙanwa, ita ce autarmu. Shekara goma sha bakwai ne tsakaninmu, ni na goye ta, don uwarmu ba ta daɗe ba bayan ta yaye ta. Ta yi aure a wani gari can arewacin jihar nan, mijinta malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali irin nata. Da masu tayar da ƙayar baya suka faɗa wa garuruwan can, ta gudo da cikin wata bakwai. Ta yi kwanaki tana tafiya a ƙasa, ta kwana a kan duwatsu, ta ƙetare wani rafi da ruwansa ya kai mata ƙirji. A wajen rafin nan suka rabu da mijin, ya koma neman tsohuwarsa, kuma har yau da nake wannan rubutu ba mu ji ɗuriyarsa ba. A bayan motar dakon masara ta iso Jimeta. Gidanmu a lokacin ya cika maƙil da dangin maigidana da su ma suka gudo, har a zaure ana kwana, amma na kwashe 'yan matana na ba ta ɗakinsu. Ita ta ɗauko halin dangin uwarmu. Kunya gare ta kamar me, ko ruwa ba za ta ce a miƙo mata ba, in ka tambaye ta ya jiki sai ta ce da sauƙi ko da ba ta iya ɗaga kai.

Ta haifi 'ya mace lafiya. Na ce to, yanzu ne za a ga aikina, tunda wannan tawa ce. Safe da yamma ina tafasa ruwa da ganyen darbejiya da na tsamiya, ina gasa ta yadda ban taɓa gasa wata ba. Kunun kanwa kuwa kofi biyu nake dama mata, in tsaya a kanta sai ta shanye. Amma tun kafin a yi arba'in ta fara tashi da safe yatsunta a sandare, ba ta iya ɗaura zani, ba ta iya ɗaga jaririyar sai ta tallafo ta da damtse. Daga yatsu ciwon ya koma wuyan hannu, ya sauka gwiwa, yau nan gobe can. Ban yi wani dogon tunani ba na ce sanyin rafin nan ne ya shiga ƙashinta. Duk wanda ya zo barka ya ji labarin gudunta sai ya gyaɗa kai ya ce tabbas, mace mai ciki ta shiga ruwa har ƙirji, ai dole. Labarin ya dace da ciwon sosai, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin sake tambaya.

Ina da wata dabara tawa da na yi suna da ita. Macen da ta gama arba'in gaɓoɓinta ba su saki ba, sai in sa ta shan hantsi. In kwaɓa man shanu da garin citta in mulke mata jiki, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in cire mata ɗankwali da mayafi, ta zauna fuskarta na kallon rana daga hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Haka na fara yi wa ƙanwata, kuma bazara ce, wanda ya san zafin Yola a bazara ya san abin da nake nufi. Kullum in ta tashi daga tabarmar sai zazzaɓi ya rufe ta, kanta ya yi ta sarawa, ta kwanta kamar an zare mata laka. Ni kuwa sai murna, ina gaya wa matan gida cewa ga sanyi nan yana fita. Cikin mako biyu wani tabo ya fito mata a kumatu biyu ya haɗe ta kan karan hanci, ja-ja baƙi-baƙi kamar ƙuna. Gashinta ya fara zuba, mai kitso ta ce ba abin da za ta kama. Bakinta ya yi gyambo a ciki, ko kunun sai tana hawaye take haɗiye shi.

A nan na yi abin kunya na farko. Da na ga tabon fuskar, sai zuciyata ta ba ni man bilicin take shafawa a ɓoye, don na sha ganin yadda yake ƙona kumatun 'yan mata. Na shiga ɗakin na zazzage jakarta a gabanta, ina faɗa ina cewa miji ko shekara bai yi da ɓata ba har an fara neman haske. Ban samu komai ba sai hoton aurenta da katin awo da ruwa ya jiƙa. Ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan jaririyar. Na fita ban ba ta haƙuri ba, don a lokacin ban iya ba. Daga baya da ramar ta yi yawa, matan unguwa suka fara ƙus-ƙus cewa ai waɗanda suka gudo daga can ba a san abin da aka yi musu a hanya ba, wataƙila ƙanjamau ne. Na zage su a fili, amma a ɓoye na ware mata kofi da cokali, kuma ta lura.

Wata maƙwabciyarmu nas ce ta cece ta a karon farko. Ta shigo wata rana ta gan ta a kan tabarma, ta durƙusa ta danna mata ƙafa da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta tambaye ta a hankali ko fitsarinta yana kumfa, ta ce yana yi. Matar nan ta san bakina, saboda haka ba ta ce mini komai ba, kasuwa ta bi maigidana ta gaya masa. Shi mutum ne da ba ya sa baki a harkar mata, amma ranar ya dawo ya ce gobe za a kai ta babban asibiti, kuma ba shawara yake nema ba. Aka yi ta gwaje-gwaje, aka ce ba ƙanjamau ba ne, aka ɗebi wani jinin aka aika wani gari, muka yi makonni muna jira. Da sakamakon ya dawo, likitar, wata yarinya da na tabbata na girme ta nesa ba kusa ba, ta zaunar da mu ta ce sunan ciwon lufus. Ta ce garkuwar jikin mutum ce, wadda Allah ya yi don ta kare shi daga cuta, take rikicewa ta juya tana cin naman jikinsa, gaɓoɓi da fata da jini, har ƙoda. Ta ce ba a ɗaukarsa a kofi ko a cokali, ba sammu ba ne, ya fi kama mata masu shekarun haihuwa, kuma yakan taso bayan haihuwa ko bayan wahala mai tsanani. Ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi a rayu da shi. Sai ta tambayi ƙanwata a ina take wuni, ko tana shiga rana. Ƙanwata ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da kai ƙasa, ta ce a ɗaki take wuni. Likitar ta ce madalla, don rana ita ce babbar mai tayar da wannan ciwo, ta kuma hana ta gishiri da kanwa, ta ce maganin kullum ne, kada a kuskura a tsayar da shi sai da saninta. Ina zaune ina ji, ban gyara ƙaryar da yarinyar nan ta yi don ta rufa mini asiri ba.

Duk wata nake raka ta ganin likita, kuma a bencin jira na ga abin da ban taɓa sanin akwai shi a garin nan ba. Akwai wata da fatarta ta ƙandare kamar ƙirgi, bakinta ya tsuke ba ya buɗuwa sosai. Akwai wadda yatsunta suka karkace gefe guda, sai 'yarta ke riƙe mata kati. Aka ce mini duk dangin ciwo ɗaya ne. Yawancinsu yara ne, sa'o'in ƙanwata. Wata tsohuwar nas ta ce mana a da wannan bencin ba ya cika, yanzu kuwa har a ƙasa ake zama. Na tambayi likitar, da 'yar gatse, ko sabon ciwo ne ya sauka a Adamawa. Ta ce ba sabo ba ne, kuma ita ba za ta iya rantsuwa cewa ƙaruwa ya yi ba, wataƙila gudun hijira ne ya kawo matan ƙauye kusa da asibiti, wataƙila kuma yanzu ne aka fara iya gano shi. Ta ce waɗanda take gani su ne suka iso, waɗanda suka mutu a gida da sunan wani ciwon babu wanda ya san yawansu. Na ji maganar, ta bi ta bayan kunnena ta wuce.

Maganin ya karɓe ta. Cikin wata biyu ta fara goya 'yarta, tana cin abinci kamar ba ita ba, gashi ya fara tsirowa, har na ji ta tana waƙa a wajen wanke-wanke. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma ba har zuciya ba. A gidan suna na ji wata na cewa asibiti ya yi abin da ya gagari Adda, aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida raina a ɓace. Ga shi ɗaya daga cikin ƙwayoyin ya sa fuskarta ta yi zagaye ta cika. Likita ta riga ta gaya mana hakan zai faru, amma ni da na kalle ta kumburi nake gani, kumburi kuwa a karatuna sanyi ne da bai gama fita ba. Sai na ɗauki kwalayen na kai wa wani mai kemis ya duba mini. Bawan Allah bai yi ƙarya ba, ya ce ɗayan ɗan'uwan maganin zazzaɓin cizon sauro ne. Na tafa hannu na ce na gama ganewa, ashe lalube yarinyar nan take yi, ta rasa abin da za ta bayar ta haɗa mu da maganin sauro, wai kuma a sha har abada. Ban tsaya na ji sauran bayaninsa ba. Sai daga baya na san cewa wannan ƙwayar ita ce ginshiƙin maganin ciwon, ita ke tsare ƙoda.

An yi daidai maigidana ya tafi ƙauyuka sayen hatsi, tafiyar da yakan yi makonni. Na shiga ɗakinta na ce ta kawo ƙwayoyin, jikinta ya huta da su, mu ƙarasa da namu na gida tunda ƙarfi ya samu. Ta ce a hankali, likita ta ce kada a tsayar. Wannan shi ne karo na farko a rayuwarta da ta mayar mini da magana, kuma ya ƙona mini rai. Na tambaye ta ni na goye ta ko likita. Sannan na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba.

"A gidana kike. In kin fi son na likita, sai ki koma gidan likita."

Mace da ba ta da miji, ba ta da gari, ba ta da ko tabarmar kanta, na gaya mata haka. Ta tashi ta ɗauko ledar maganin ta miƙo mini da hannu biyu.

Washegari na shimfiɗa tabarma. Na koma dama kunun kanwa, wai don ya sauke kumburin. Maƙwabciyarmu nas an yi mata canjin wurin aiki, babu mai shigowa ya gani. Mako na farko fuskar ta ɗan faɗa, na yi ta nuna wa mutane. Mako na biyu tabon ya dawo fiye da da, ƙafafun suka yi dam. A mako na uku ne wata safiya ta kasa tashi, tana amai, numfashi yana mata wuya, ta ce mini tun jiya ba ta yi fitsari ba. A Keke Napep na rungume ta har asibiti. Likitar ta duba ta, ta juyo ta tambaye ni ko tana shan magani. A nan bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya mutu. Da ƙyar na gaya mata komai, har da tabarmar, har da ta farkon da aka ɓoye mata. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ƙodojin sun tsaya, za a gwada wankin ƙoda, mu yi addu'a.

An yi mata wankin sau da dama. Wata rana bayan la'asar ta ɗan farfaɗo, ina zaune ina mata fifita, na kasa daurewa na tambaye ta me ya sa ba ta ƙi ba, me ya sa ba ta kai ƙarata wajen maigidana ko wajen likita ba. Sai ta ce mini:

"Adda, tun ranar farko na san rana ɗin nan yana ƙara mini ciwo. Amma ina zan je? Kuma in kina shafa mini man nan, sai in ji kamar ina da uwa. Ban so ki daina ba."

Ta ce kada in sa wa raina damuwa, ta yafe, in riƙe mata yarinyar. Ban ma kai ga roƙonta ba ta riga ni. Bayan kwana huɗu, ranar Alhamis da hantsi, Allah ya karɓi abarsa. Shekararta ashirin da shida.

A zaman makoki mata suka yi ta shigowa suna cewa Adda kin yi ƙoƙari, irin jinyar da kika yi ko uwa sai haka. Kowace ta faɗa sai in ji kamar ta watsa mini tafasasshen ruwan da nake watsa wa mutane. A kwanakin nan ne maganar likitar ta dawo mini, ta waɗanda ke mutuwa a gida da sunan wani ciwon. Na fara tuno matan da suka bi ta hannuna. Akwai matar wani tela da kumatunta suka yi irin wannan tabon, ta kumbura ta rasu kafin ta yaye, muka ce sanyi ne ya ci ƙarfinta. Akwai wata 'yar Adarawo da gashinta ya zube, aka ce mayu. Ban isa in ce ciwon nan ne ya kashe su ba, ni ba likita ba ce, amma ban isa in ce ba shi ba ne, kuma dukansu na zaunar da su a rana. Likitar, Allah ya saka mata, ta ce mini ko da magani ciwon yana kisa, kuma ƙodar ta riga ta taɓu tun kafin a zo. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Sai dai ina ganin wasu daga cikin matan bencin nan har yau. Ɗaya tana sarin kayan miya daga lambunan tafkin Njuwa, kullum da lemarta a hannu, ta aurar da 'yarta bara. In mun haɗu takan tambaye ni ina 'yar'uwata mai kunyar nan, sau biyu ina gaya mata ta rasu, tana mantawa.

Na bar wankan jego tun daga shekarar. Na ɗauka da na bari shi ke nan, abin ya tsaya a kaina. Watan da ya wuce na shiga wani gida a bayan layinmu, na tarar da wata yarinya mai jego zaune a tsakar gida ba ɗankwali, jikinta na ƙyallin man shanu, tana riƙe da wuyan hannunta, ga tabo ya fara fito mata a kumatu. Ban san lokacin da na fizge ta na kai ta inuwa ba, ina faɗa ina cewa kashe ta za su yi, su kai ta asibiti yau ɗin nan. Uwarta ta fito daga kicin tana kallona da mamaki.

"Ikon Allah. Adda, ai ke kika koya mana."

Na zauna a bakin rijiyarsu na ba ta labarin nan daga farko har ƙarshe, karo na farko da na faɗa wa wani a unguwar. Sun kai ta, kuma an sa ta a magani. Amma gida nawa na shiga cikin shekara ashirin, mata nawa suka kalli hannuna suka koya, su ma suka koya wa wasu? Ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce a rubuta a jarida.

'Yan'uwana mata, musamman mu manya da ake jin maganarmu, ba kowane ciwon gaɓoɓi ne sanyi ba. In kuka ga yarinya tana tashi da yatsu a sandare, gashi na zuba, baki na gyambo, ga tabo a kumatu, ga zazzaɓin da ba ya jin magani, ku raba ta da rana, ku raba ta da kanwa, ku kai ta a auna jininta da fitsarinta. In an ba ta magani kada wanda ya karɓe, ko fuskarta ta cika, ko ta ga kamar ta warke, ko wani ya ce muku na sauro ne. Abin da ya fi wannan kuma, ku lura da wanda ke cin abinci a hannunku. Mai zaman alfarma ba ya cewa a'a, ko me kuka ɗora masa zai ce to, sai ku ɗauka yarda ce. Ni ƙanwata ta san abin da ke kashe ta, ta fi ni sani, ta fi kowa a gidan sani, kuma kullum da hantsi ita da kanta take ɗauko tabarmar ta shimfiɗa don kada in wahala. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Ni kuma ku roƙa mini gafarar Allah, don tata yafiyar na samu, kuma har yau ban iya ɗaukarta ba.